Gramps a gidan gandu: manhajar rubuta salsala, abin da ta iya da inda take tuntuɓe

Kusan duk gidan da ya tara zuri'a a ƙauyukan Kano da Jigawa yana da mutum guda, galibi tsohuwa, wadda in maganar dangantaka ta rikice ita ake aika wa. Ita ta san wa ya haifi wa, wa aka kai riƙo gidan gwaggo, wace ce ta fita ta yi kome, wa ya tafi gabas bai dawo ba. Ranar da ta kwanta dama, rabin abin ya bi ta. Masu son su rubuta kafin wannan rana sukan fara da littafin makaranta ko babban kwali, su ja layi daga kaka zuwa 'ya'ya. A hawa na uku takarda ta cika. A na huɗu auren zumunci ya sa mutum ɗaya ya fito wuri biyu, kuma babu mai iya tuna ko wannan Habun shi ne wancan Garban.

Gramps manhajar kwamfuta ce da aka yi don wannan aiki. Kyauta ce, masu sa kai ke kula da ita tun 2001, tana hawa Windows da Mac da Linux, ana sauke ta daga gramps-project.org. Da zarar ta sauka ba ta ƙara neman intanet, kuma duk abin da ka rubuta a kwamfutarka yake zaune. A ganinmu, cikin kayan da mutumin karkara zai iya samu ba tare da biyan dala ba, ita ta fi ɗaukar tsarin gidan Bahaushe da na Bafillace. Amma kada a saya da tsada: ba ta nemo maka kaka ko ɗaya. Rumbu ce, abin da ka noma shi za ka zuba. Tana kuma buƙatar laftof, don ba a yi ta domin waya ba. Akwai nau'inta na intanet mai suna Gramps Web, sai dai kafa shi aikin masu ilimin kwamfuta ne. Wanda zai zauna a gabanta sai mai karanta Turanci, ko da na ɗan sakandare ne. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba aiki: dattijo mai shiga gidaje ya yi tambaya, yaro mai kwamfuta ya shigar.

Wurin da ta fara burgewa shi ne aure. A Gramps kowane mutum sau ɗaya ake rubuta shi, kowane aure kuma iyali ne mai zaman kansa. Magidancin da ya auri mata bakwai a rayuwarsa, huɗu a ɗaka, biyu sun fita, ɗaya ta rasu, zai samu iyali bakwai, kowanne da 'ya'yansa. Wato ɗaki-ɗaki take lissafi, yadda mu ma muke yi, sai 'yan ɗaki ɗaya su fito daban, 'yan uba su fito daban. Matar da ta yi aure uku ita ma haka, 'ya'yanta na kowane gida suna ƙarƙashin ubansu, ita kuma tana haɗa su. A cikin iyali ana iya jera 'ya'ya da hannu daga ɗan fari zuwa auta ko da ba a san shekarar kowa ba, kuma wannan jeri ya fi shekara muhimmanci a wurinmu, don tsohuwa ba ta mance wa ke bin wa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan yake faruwa. In za ka sa wa mutum mata, manhajar tana ba ka maɓalli biyu: na ƙirƙirar sabon mutum da na zaɓo wanda yake ciki tun da. A auren zumunci, amaryar tana nan an riga an rubuta ta a ɗakin baffan ango. In ka ƙirƙire ta sabuwa, ka yi mutum biyu daga ɗaya, igiyar da ta ɗaure gidajen biyu ta tsinke, kuma ba za ka lura ba sai ranar da aka buga takarda wata gwaggo ta ce ina uwar wance. Ƙa'ida ita ce kullum ka fara dubawa kafin ka ƙirƙira. Akwai kayan aikin da ke nemo mutanen da ake zaton an maimaita, akwai kuma hanyar haɗe biyu su koma ɗaya, amma a gidan da Muhammadu ya kai talatin, zai kawo maka tulin sunaye da ba su da alaƙa. Kada ka haɗe kowa sai uwa ta zo ɗaya.

Riƙo kuwa ta tanadar masa wuri mai kyau. Yaro ɗaya yana iya zama a iyali biyu, a kowanne a faɗi matsayinsa ga uban gidan da ga uwar gidan: haihuwa ce, riƙo ne, ko agolanci. Ka sa shi a ɗakin da aka haife shi da alamar haihuwa, ka sa shi a gidan kawun da ya tashi a hannunsa da alamar riƙo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaran riƙo da yawa an sa su makaranta da sunan mai riƙonsu, takardunsu duka da wannan suna suke, jikokinsu ma ba su san ba shi ne kakansu ba. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira mutane da iyayensu na haihuwa, kuma ranar rabon gado wannan bambanci ne ke tashi. Manhajar dai ba ta lissafa gado, takardar da ka buga daga cikinta kuma ba hujja ba ce a gaban alƙali, shaidu ne hujja. Amma tana hana a manta.

Abin da ba ta tanada ba shi ne shayarwa. Babu gurbin uwar shayarwa ko 'yan'uwan nono, alhali a wurin Musulmi wannan dangantaka tana haramta aure. Dabarar ita ce a yi amfani da shafin alaƙa da ke cikin bayanin kowane mutum, inda ake haɗa mutum biyu a rubuta irin dangantakarsu da hannu. Rubuta “ta shayar da shi”, ka yi haka a ɓangarorin biyu, don haɗin ba ya komawa da kansa, sannan ka ƙara bayanin wanda ya shaida. Ba zai fito a zanen bishiya ba. Wannan giɓi ne na gaske, kuma gidan da ake yawan auren gida ya kamata ya ajiye jerin shayarwa a takarda daban.

Sai suna, inda aikin ya fi cin lokaci. An gina manhajar a kan tunanin sunan iyali da ake gada, abin da yawancinmu ba mu da shi: sunan mutum na biyu sunan ubansa ne, ko garinsu, ko sana'arsa. An yi sa'a Gramps tana barin a faɗi asalin sunan na biyu, ko na uba ne, ko na wuri, ko na sana'a, tana kuma karɓar sunaye barkatai ga mutum ɗaya. Shawararmu ita ce a sa sunan yanka a gurbin farko, sunan yankan uba a na biyu, sauran duka su shiga jerin ƙarin sunaye. Kada a bar ko ɗaya, domin kowane mai ba da labari da sunan da ya san mutumin da shi. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba a rugar Fulani. Usman Shehu ne, Yusuf Maitama, Umar Sanda, Ibrahim Iro. A'isha ita ce Indo da Shatu, Hauwa Kulu, Zainab Abu, Khadija Dije, Fatima Binta. Sani da Salisu da Rabi'u da Hamisu a gida ɗaya sau da yawa duk Muhammadu ne, an jera su da lamba.

Sunayen da ba na yanka ba ma shaida ne in an iya karanta su. Ɗanladi da Talatu da Balarabe da Jummai sun ba ka ranar haihuwa. Tanko ya gaya maka mata yake bi, Kande ko Dela maza take bi, Gambo kuma yana nuna an yi tagwaye kafin shi, to in babu su a jerin da aka ba ka, ka tambaya, wataƙila sun rasu suna jarirai. Ajuji da Ayashe da Bawa sukan nuna uwa mai wabi, wato akwai 'ya'yan da ba a ambata ba. Abba da Baffa da Ummi da Iya a kan yaro alama ce ta an yi wa wani babba takwara ana alkunya. Tambayi sunan wa ya ci, sau da yawa ta nan ake samun sunan kakan da aka manta. Alkunyar nan kuma tana shafar hira kanta. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na ɗan farinta, ko na surukinta. Kada a matsa mata. A zo da wata jika ko abokiyar zama ta faɗa, ita ta ce haka ne.

Wani abu ƙarami mai ɓata rai: manhajar tana karɓar ɓ da ɗ da ƙ, har da rubutun ajami, amma wurin bincike ba ta ɗaukar ɗ da d a matsayin abu ɗaya. In ka rubuta Ɗahiru yau gobe ka rubuta Dahiru, neman ɗaya ba zai kawo ɗayan ba. Ku tsayar da rubutu ɗaya tun ranar farko. Ƙabila da zane kuma, ko Sulluɓawa ne ko Jobawa, Danejawa, Jahunawa, Mangawan Gumel, Auyokawa ko Agalawa, da irin tsagen da ke fuskar mutum, kalangu ne ko zube ko bille, ana buɗe musu gurbi na musamman a shafin siffofi. Tsage yana ƙarewa da tsofaffin da ke raye yanzu, a rubuta shi tun ana ganin sa.

Kwanan wata shi ne wuri na biyu da Gramps ta yi fice. Rajistar haihuwa ta tilas ba ta daɗe da game Najeriya ba, don haka kakanni ba su da takardar haihuwa, kuma 1 ga Janairun da ke katin ɗan ƙasa na yawancin tsofaffi cike gurbi ne kawai, haka ma takardar rantsuwar shekaru. Manhajar ba ta tilasta ka ƙirƙiro rana. Tana karɓar “wajen”, “kafin”, “bayan”, da “tsakanin kaza da kaza”, tana kuma bari ka nuna cewa kintace ne. Aikinka shi ne ka ɗaure maganar tsohuwa da abin da aka san shekararsa. Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa 1893 zuwa 1895 ce. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, sun yaƙi Haɗeja a Afrilun 1906. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, dogon da ya bi ta Ringim da Malam Madori ya kai Nguru a 1930. An yi babbar yunwa a 1913 zuwa 1914, annobar mura a 1918, 'Yar Buhu a 1927. Komawa tuƙin hannun dama 1972 ne, canjin kuɗi daga fam zuwa naira Janairun 1973, makarantar UPE 1976. Sunayen yunwa sukan bambanta daga gari zuwa gari, don haka a tambayi wane sarki ne a kan gado lokacin. A ƙasar Kano, Abbas ya yi 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963, sai Inuwa na 'yan watanni, sai Ado. A Haɗeja, Abdulƙadir ya yi 1909 zuwa 1925, Usman zuwa 1950, Haruna zuwa 1984.

A ce an gaya maka kaka tana goye lokacin 'Yar Buhu. Yaye wajen shekara biyu ake yi, sai ka rubuta tsakanin 1925 da 1927. In an ce an yi wa kaka namiji kaciya shekarar da Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, ya hau, ka cire shekara bakwai zuwa tara daga 1926. Da ka samu mutum ɗaya a ɗaki, sauran sai ka bi jeri da tazarar shekara biyu zuwa uku, kana sa waɗanda suka rasu a lissafi. Kada dai ka auna shekarun uba da na ɗa da ma'auni ɗaya: a gidan mai mata huɗu, tsakanin ɗan fari da auta ana samun shekara arba'in, har jika ya girmi baffansa.

Tana da kalandar Hijira ma, ka shigar da rana da wata ta juya maka. Lissafin ƙa'ida take bi ba ganin wata ba, don haka takan saɓa da kwana ɗaya ko biyu. In shekara kawai ka samu, tuna cewa tana ratsa shekarun Miladiyya biyu; 1400 ta kama ne a Nuwamban 1979. Wanda ya ci karo da shekara a ramzi, wato an rubuta ta da haruffa maimakon lambobi, a ƙarshen wani littafin kaka, ya kai wa malamin da ya san lissafin Magariba, inda shinun dubu ne, sinun kuma ɗari uku. In aka karanta da lissafin gabas, shekarar za ta fito a karkace.

Duk waɗannan alheri ne, amma dalilin da ya sa muke fifita Gramps a kan littafi da kwali shi ne isnadi. Kowace magana da ka shigar, haihuwa ce ko aure ko ƙaura, tana da wurin da za ka rataya mata wanda ya faɗa, da ranar da ya faɗa, da matakin amincewa daga cikin biyar. Mutane sukan tsallake wannan don gaggawa, kuma nan ne salsala ke lalacewa. Bayan shekara goma babu mai iya bambance abin da wadda ta zauna da mutumin ta faɗa da abin da maroƙi ya ƙaga ranar biki. Ga tsarin da ya dace da mu: mataki na sama ga abin da takardar zamaninsa da mai shaida suka haɗu a kai, na biyu ga wanda ya gani da idonsa, na tsakiya ga wanda ya ji daga iyayensa, na ƙasa ga kirari da waƙar roƙo, na can ƙasa ga labarin tushe, irin su daga Malle muka zo, daga Barno muka taso, kakanmu sharifi ne. Ba a zubar da labarin tushe, don sau da yawa akwai ƙwayar gaskiya a ciki, amma ba a zaunar da shi kujera ɗaya da abin da aka gani. In mutum biyu sun saɓa, rubuta duka biyun kowanne da mai shi. Manhajar tana ɗaukar haihuwa biyu ga mutum ɗaya ba tare da ƙorafi ba.

Hirar kanta da waya ake naɗa, bayan an nemi izini. Kowane tsoho a zauna da shi shi kaɗai, domin a taro ƙarami ba ya gyara wa babba, mace kuma ba ta musa wa namiji. Zama kada ya wuce awa ɗaya, gara a koma sau uku. Kada ka ce “ba wane ne ya haifi wane ba?”, za a ce maka e don kara. Ka ce “su wa da wa ke ɗakin wance?” Fara daga mai maganar ka yi sama, kada ka fara daga kakan da ake alfahari da shi ka gangaro, don ta haka ake cusa gida cikin salsalar da ba tasa ba. A ba dangin uwa haƙƙinsu: maza sukan kai kaka na biyar ta wajen uba su kasa faɗin sunan kakarsu ta biyu, mata ne ke riƙe da wannan ɓangare. Sunan fayil ɗin murya ya ɗauki sunan mai magana da kwanan wata, a wurin isnadi kuma a rubuta mintin da maganar ta fito.

Takardu ba su da yawa amma akwai su. A gida a duba cikin gafaka da adaka: bangon Alƙur'ani da ƙarshen littattafan da aka kwafa da hannu, inda marubuci kan sa sunansa da na ubansa, wasiƙun ajami, takardar cinikin gona, fasfon hajji, da rasiɗin haraji da jangali, waɗanda gwamnatin Abubakar Rimi ta soke a 1979. A waje kuma, Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin Lardin Kano, ciki har da rahotannin kimanta haraji na gundumomi, masu jera ƙauyuka da tarihin hakimai da dagatai. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa tana da takardun zamanin En'e. Gidan sarauta da na malanta sun fi samun kansu a irin waɗannan. Talaka ya fi fitowa a littafin alƙali, wurin shari'ar gado ko gona ko aure. Wanda kakansa ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba ya duba jerin hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, kyauta ne a intanet, ya kuma nema da sunan gari, don soja da yawa da sunansu da na garinsu aka rubuta su. Gramps tana da wurin rubuta ma'ajiya da lambar fayil, a cika shi tun kana zaune a wurin.

Mutumin Jigawa ya lura cewa jiharsa 27 ga Agustan 1991 aka yi ta, kafin nan Jihar Kano ce tun 1967, kafin nan kuma Lardin Kano. Dutse da Ringim da Birnin Kudu da Jahun gundumomin masarautar Kano ne a zamanin Turawa, Haɗeja da Gumel da Kazaure kuwa masarautu ne masu En'e ɗinsu. Manhajar tana barin a ce gari kaza yana ƙarƙashin kaza daga shekara kaza zuwa kaza, da tsohon suna da sabo. Wannan yana amfani ga garuruwan da suka tashi, kamar waɗanda ruwan Tiga ya ci a shekarun 1970, da kufan da yanzu gona ce. In an kai ka kufai, ɗauki lambobin taswira da waya ka shigar. Waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, ko suka tafi hajji a ƙasa suka zauna Sudan, ko fataken Gwanja da ba su komo ba, a rubuta musu ƙaura da wurin da aka ji labarinsu na ƙarshe, kada a rubuta rasuwar da babu mai shaidarta.

Yanzu inda take tuntuɓe. Akwai kayan aikin da ke duba kurakurai, amma ma'auninsa na wata al'ada ne: yana ƙorafi in mutum ya wuce aure uku, in namiji ya wuce 'ya'ya 15, in ya haihu bayan shekara 65. A gidan gandu zai cika maka fuska da gargaɗin banza har ka kasa ganin na gaske. Ana iya canza lambobin, a canza su kafin a kunna shi. Mai lissafa dangantaka kuma da kalmomin Turanci yake amsawa, waɗanda ba su raba kawu da baffa, ko gwaggo da inna, balle su san abokin wasa. Zai nuna maka kakan da kuka haɗu, sunan dangantakar kai za ka sa. Fuskar manhajar ma ba mai saurin sabo ba ce, taga a kan taga, sai an yi kwana biyu ana ɓata kafin hannu ya faɗa. A fara gwaji da ɗaki ɗaya, mutum ashirin, kafin a ɗauko zuri'a duka.

Hoto da murya ba a cikinta suke zama ba, hanyar zuwa wurinsu kawai take riƙewa. In ka matsar da fayil ko ka canza masa suna, sai ta nuna babu. Buɗe jaka guda tun farko, ka nuna wa manhajar ita ce ma'ajiyar hotuna, kada ka ƙara taɓa abin da ya shiga. In wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu ana cikin aiki, za ka tarar da alamar kwaɗo a kan bishiyar. Ana cire shi, sai a bi da kayan aikin duba da gyara. Sabon zubin manhajar kuma in ya buɗe aikinka yakan sabunta shi, tsohon zubi ba zai ƙara iya buɗewa ba, don haka kada a kai aiki shagon kwamfuta a buɗe shi da nasu ba tare da an ajiye kwafi ba.

Maganar sirri tana da nauyi a wannan aiki. Bincike yakan tono abin da gida ya binne: kakar da sa-ɗaka ce, kakan da aka kawo rinji, wato ƙauyen bayi, cikin da aka yi shakkarsa. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, ba a kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, wato abin bai yi nisan da zai daina ɓata aure ba. Gramps tana da ɗan kwaɗo a kan kowane bayani. Abin da ka kulle ana iya cire shi daga duk abin da za a buga ko a tura, haka ma bayanan rayayyu. Kwaɗon ba ya hana wanda ya buɗe kwamfutarka gani, don haka ita kanta a sa mata kalmar sirri. A nan ta bambanta da FamilySearch, wadda ita ma kyauta ce kuma tana aiki a waya, amma sai da intanet, mallakar wata coci ce a Amurka, kuma bishiya ɗaya ce ta kowa da kowa, duk mai rajista yana iya gyara abin da ka rubuta a kan mamaci. Ga gidan da yake son magana ta tsaya a gida, wannan kaɗai ya isa dalili.

Wajen bugawa, zanen dangantaka shi ya fi kyau don yana nuna auren zumunci da layi, amma mutum ɗari uku a takardar A4 tururuwa ne. A fitar da shi a PDF a kai wa masu buga bana, wato babban ƙyallen talla, ko a buga ɗaki-ɗaki a A3 a raba wa kowane reshe ya duba nasa ya dawo da gyara, wanda shi ma a shigar da shi da sunan mai gyaran. Ajiyar kwafi kuma a yi ta da tsarin Gramps na kanta tare da hotuna, domin GEDCOM, tsarin da ake musaya da wasu manhajoji, yana zubar da wasu bayanai a hanya. Kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filas da ba a kai shi shago, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa a wani gari, a sabunta bayan kowane zaman shigarwa. Bugun takarda kuma a sa shi a leda cikin akwatin ƙarfe, a ɗora a kan dutse ko benci saboda gara da damina.